Kyanwa ta haihu a gidanku, me ya kamata ku yi?

Assalamu alaikum. Iyayena mata da ƙannena, na gode da kuka baro aikin gida kuka zo. Shekaruna a aikin duba dabbobi sun nuna mini abu guda: da yawa daga cikin 'ya'yan kyanwar da ke mutuwa a gidajenmu sanyi ne ke kashe su, sai kuma tausayinmu da ke wuce gona da iri. A kan wannan zan fi tsayawa.

Cikin kyanwa yakan kai kwana 63 zuwa 65. Idan haihuwa ta matso za ku ga tana shawagi, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta shiga bayan buhunan hatsi, tana neman lungu mai duhu. Kafin ta zaɓi cikin akwatin zannuwanki, Hajiya, ki riga ta. Ki samo kwali mai ɗan zurfi, ki shimfiɗa tsumma mai tsabta, ki ajiye inda yara ba sa zirga-zirga. Idan ta ƙi shi ta haihu a wani wuri, ki ƙyale ta, sai dai idan wurin akwai haɗari, kamar gindin murhu, bakin rijiya ko kusa da janareta.

Ɗan kyanwa yakan zo da nauyin da bai wuce giram 100 ba, ko kusa da haka, idonsa a rufe, kunnensa ba ya ji. Sai bayan kwana 7 zuwa 10 ido ke fara buɗewa. To ga abin da mutane ba su sani ba: a makonni ukun farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, daga jikin uwa da na 'yan'uwansa yake samu. Na taɓa zuwa wani gida da hunturu, yara sun ɗauko ɗaya suna wasa da shi tun hantsi, suka manta shi a kan siminti. Da na taɓa shi sai na ji kamar ƙanƙara, bakinsa a buɗe amma kuka ba ya fita. Matar gidan har ta dama madara za ta ɗura masa. Na ce a'a, Mama, a bari tukuna. Ɗan da ya yi sanyi cikinsa ba ya narka abinci, kuma yana iya shaƙewa. Muka zuba ruwan ɗumi a gora, muka naɗe ta da zane, muka kwantar da shi a gefenta. Sai da ya fara motsi muka mayar wa uwarsa.

Wannan madarar ma a kula da ita. Nonon saniya da madarar gwangwani ta shayi suna sa su gudawa, gudawa kuwa ga ɗan da bai kai tafin hannu ba ajali ce. Nonon uwa na ranar farko, dakashi ke nan, shi ne garkuwarsu daga cututtuka. Uwar ce kuma ke lashe musu ƙasan ciki su yi fitsari da kashi. Saboda haka wanda yake son 'ya'yan ya ciyar da uwar: kifi ko nama dafaffe, ƙwai, ruwa mai tsabta a kusa da ita kullum. Mai shayarwa tana cin ninki biyu ko fiye na abin da ta saba, ɗan guntun tuwon dare ba zai riƙe ta ba.

Sai batun magani. Don Allah kada a ba kyanwa farasitamol, ko gutsure ne. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, yana lalata mata jini ya kashe ta. Haka piya-piya da maganin sauro na feshi, kada a fesa a ɗakin da suke. Maganin ƙuma na karnuka shi ma yana iya zama guba gare ta. Shinkafar ɓera kuwa a kwashe ta gaba ɗaya, domin idan uwar ta cinye ɓeran da ya ci guba, ita ma tana iya kamuwa.

Yara a ja musu kunne. Mai jego ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi, kuma idan aka dame ta sai ta kama 'ya'yan a ƙeya ta kwashe su zuwa inda ba ku sani ba, wani lokaci ta bar ɗaya a hanya. Daga mako na huɗu za su fara lasar abinci mai laushi, amma kada a rarraba su ga maƙwabta sai sun cika mako 8 aƙalla. Mai juna biyu a gidan kada ta kwashe kashinsu, akwai ƙwayar cuta a ciki da kan taɓa ɗan tayi, a ba wani ya yi.

Wata baiwar Allah a baya can tana tambaya game da muzuru. E, gaskiya ne, baƙon muzuru yakan kashe jariran kyanwa, don haka a riƙa rufe ƙofar da daddare, a kuma duba tsumman saboda cinnaka. Sannan uwar tana iya sake ɗaukar ciki tun tana shayarwa. Wanda ba ya son ƙari ya kai ta asibitin dabbobi bayan yaye a yi mata aikin hana haihuwa, a haɗa da allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda 'ya'yan ma ake yi musu idan sun kai wata 3.