Shin Nafura Tana Jin Kiɗa?

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan bidiyon da kuke gani, sau huɗu aka turo min shi a mako guda. Nafura ce, wato ruwan ado da ake harbawa sama, ta wurin shaƙatawar Boulevard da ke Riyad, ruwa na tashi yana karairaya daidai da kiɗa, wani ya rubuta a ƙasa wai ruwan ne ke jin sauti. Har gwaggona da ke Makka ta bugo, ta ce, “Kai ɗan nan, da gaske an yi wa ruwa kunne?” Na ce, “Gwaggo, ki ba ni kwana biyu.”

Kayan aikin ba za mu daɗe a kansu ba, ga su nan. Famfuna a ƙarƙashin ruwa, fitilu, da bakunan feshi, wasu a kafe, wasu na juyawa. Waɗannan manyan bututan kuma iska ake matsewa a cikinsu, a sake ta lokaci guda ta cilla ruwa sama. Duka kwamfuta ce ke ba su umarni.

To, ga inda ake ɓata hanya. Ana zaton kiɗa ne ke fara fita, na'ura ta ji, sannan ta harba ruwa. Da haka ake yi, da rawar ta watse. Ruwa ba haske ba ne, sai ya yi tafiya. Kafin ya hau mita 20, yana cin wajen daƙiƙa 2. Mita 45 kuwa, wajen daƙiƙa 3. Ku tuna makaɗin kalangu, sau nawa gula ke sauka a daƙiƙa 3? Saboda haka in ana so kan ruwan ya kai ƙololuwa daidai da bugun ganga, dole a sake shi tun ba a buga ba. Maharbi ma gaban tsuntsu yake aunawa, ba inda yake ba.

Na rage gudun hoton. Ku sa ido a bututun hagun nan. Ruwa ya fito. Ku saurara, ganga ba ta yi magana ba. Yana hawa, yana hawa… yanzu! Kun ji? Bari mu sake.

Ke nan akwai mutumin da ya zauna da waƙar nan yana yanka ta gaɓa-gaɓa, yana rubuta wa kowane bututu lokacin buɗewa, tsayin da zai kai, da launin fitilarsa. Ni wannan mutumin nake jinjina wa, ko da yake ba a ganin fuskarsa. Kamfanin WET na Amurka ya yi suna a wannan sana'a, shi ya tsara nafurar otal ɗin Bellagio a Las Vegas a 1998, da ta Dubai a 2009. Akwai dai ƙananan nafurori masu bin ƙarar sauti kai tsaye, shi ya sa za ku ga kullum a makare suke.

Wani abu kuma. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. Wanda ya tsaya can nesa da lasifika zai ga ruwa ya riga kiɗa, ya ce sun yi kuskure, alhali wurin tsayuwarsa ne.

Masu ɗora waƙa a kan nafurar Sarki Fahad ta nan Jidda kuma, don Allah a bari. Ita ba ta rawa. Tun 1985 da aka ƙaddamar da ita take harba ruwan Bahar Maliya da gudun kilomita 375 a awa, tsayi ya kai mita 260, daga gindi mai siffar kaskon turaren wuta. Ni har gobe ita ce tawa. Bayan magariba a Kornish, wato bakin tekun Jidda, an shimfiɗa tabarma, shayi na zagawa, yara na guje-guje, iska na karkatar da farin ruwan nan gefe guda kamar mayafi.

Gwaggo, in kin je ta Riyad, ki matsa kusa da lasifika. Amma ki fara duba inda iska ke kaɗawa, kada ki koma da jiƙaƙƙiyar abaya.