Nawa Ake Biya a Kasuwa? Hirarmu Kan Yadda Ake Auna Albashi

Usman: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Abuja, Usman ne kamar kullum. Yau Anti Rabi na tare da mu, ta daɗe tana aiki a sashen kula da ma'aikata, kamfani ta yi, ƙungiya mai zaman kanta ma ta yi, sai kuma Malam Ɗanladi da ke da makaranta ta can wajen Mararaba. Malam, kai ka kawo maganar nan, to bismillah.

Malam Ɗanladi: Na gode Usman. Hajiya, barka da zuwa. Wallahi abin ya daɗe yana cina. Zangon da ya wuce malamin lissafi na ya ajiye aiki, yaron kirki, shekara huɗu muna tare, yara suna sonsa, kawai ya zo ya ce Malam na samu wani wuri. Na ce nawa za su ba ka, da ya faɗa sai na yi shiru, don ni a raina ina ganin ina biyansa da kyau, ashe tuni kasuwa ta wuce ni ban sani ba. Shi ne nake tambaya, mutum kamar ni ta ina zai san abin da ake biya a waje kafin ma'aikacinsa ya kama hanya?

Anti Rabi: To Malam, abin da ake kira binciken albashi ke nan. Yadda yake shi ne, kamfanoni masu sana'a iri ɗaya kowa zai ba wani na tsakiya bayanin abin da yake biyan ma'aikatansa, albashi da alawus da duk wani abu da ke biyo baya, shi kuma zai haɗa, ya cire sunaye, ya fitar da rahoto cewa ga abin da ake biyan akanta, ga na direba, ga na manaja. Manyan masu yin wannan akwai Mercer, akwai Korn Ferry, a nan gida KPMG ma suna yi, a ɓangaren ƙungiyoyin agaji kuma Birches Group aka fi sani. Kuma yawanci sai ka ba da naka bayanin, ka kuma biya kuɗi, sannan a ba ka rahoton.

Usman: Wato ba kyauta ba ne.

Anti Rabi: Ina! Shi ya sa za ka ga bankuna ne da kamfanonin waya da na mai suka fi shiga. Amma dabarar da ke ciki kowa zai iya ɗauka, ko mai ma'aikata goma ne.

Usman: Anti, mu matasa ai shafukan neman aiki na intanet muke dubawa, Glassdoor ko Jobberman, kafin mu je intabiyu, wannan bai wadatar ba?

Anti Rabi: Ya fi babu, ka ci gaba da dubawa. Sai dai ka san a irin su Glassdoor mutum ne da kansa yake rubuta abin da yake karɓa, babu wanda ya duba takardar albashinsa, wani zai sa kuɗin kafin a cire haraji wani kuma na bayan an cire, wani shekara uku ke nan da ya rubuta, wani a Legas yake wani a Gombe, duk an zuba su a kwano ɗaya. To ka ga idan ka ɗauko wannan lambar ka je da ita gaban mai ɗaukar aiki, zai iya yiwuwa ka cuci kanka, ko kuma ka faɗi abin da zai sa a sallame ka tun daga bakin ƙofa.

Malam Ɗanladi: To a ce na samu rahoton nan a hannu, ina zan fara dubawa?

Anti Rabi: Yauwa, nan ne nake so mu ɗan zauna, don nan aka fi yin kuskure. Kada ka kwatanta suna da suna, ka kwatanta aiki da aiki. Manaja a wani shago a Wuse yara biyu ne a ƙarƙashinsa, manaja a wani kamfani kuma mutum 80 yake kula da su da kasafin kuɗi na miliyoyi, dukansu manaja ake ce musu. Na taɓa aiki a wani wuri da aka ba wata baiwar Allah sunan sakatariya, amma ita ke haɗa albashi, ita ke sayayya, ita ke zuwa banki, da muka zo aunawa aka ɗauko layin sakatarori aka ce ai ana biyanta fiye da kasuwa ma. Na ce a'a, ku rubuto min abin da take yi daga safe zuwa yamma. Da aka rubuto, sai ga shi aikin jami'in kuɗi da gudanarwa take yi, shekara da shekaru ana biyanta kuɗin wani aikin daban. Wannan abin har yau yana min ciwo, don mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa buɗe baki ba.

Malam Ɗanladi: Allah sarki. Ni ma ina da irinsu, malami ne a takarda amma shi ke riƙe da jarrabawa da jadawali duka.

Anti Rabi: To ka gani. Kafin ka tambayi kowa nawa yake biya, fara rubuta me kowane ma'aikacinka yake yi, wa yake kai wa rahoto, wane ilimi aikin ke buƙata, idan ya yi kuskure me za a rasa.

Usman: Akwai kuma wani abu da nake gani a rahotannin nan, ana ta rubuta 25, 50, 75, ban taɓa gane shi ba.

Anti Rabi: Mai sauƙi ne. A ce makarantu biyar ne, malamin lissafi ɗaya na karɓar dubu 60, ɗaya 70, ɗaya 80, ɗaya 90, ɗaya kuma a wata babbar makaranta a Maitama yana karɓar dubu 400. Idan ka haɗa ka raba biyar, dubu 140 za ka samu, alhali mutum huɗu cikin biyar ko kusa da haka ba sa samu. Amma idan ka jera su ka ɗauki na tsakiya, dubu 80 ne, shi ya fi nuna gaskiyar kasuwa. Wannan na tsakiyan shi ne 50 ɗin da kake gani, rabi na sama da shi rabi na ƙasa. 75 kuma yana nufin ka wuce kashi uku cikin huɗu na masu biya. Sai mai kamfani ya yanke shawara ina yake so ya tsaya, wasu su ce mu a tsakiya za mu tsaya ga kowa, wasu su ce ga aikin da samun mai yinsa ke da wuya, kamar malamin lissafi ko fiziks, za mu hau sama.

Malam Ɗanladi: Wallahi da na san haka da tun farko na ware malaman kimiyya. Amma Hajiya, kuɗin makarantar da iyaye ke biya a Mararaba ba irin na Maitama ba ne fa.

Anti Rabi: Shi ya sa ba za ka auna kanka da Maitama ba. Ka tambayi kanka, idan malaminka ya tafi ina yake zuwa, kuma idan ka ɗauki sabo daga ina yake fitowa? Waɗannan wuraren su ne kasuwarka. Kuma wani lokacin ba makaranta ba ce ma, yaro ya bar koyarwa ya buɗe POS, ko ya koma wata ƙungiya yana tattara bayanai, ko ya samu aikin gwamnati.

Usman: Na gwamnati ai nasu a fili yake ko?

Anti Rabi: Eh, akwai hukumar albashi ta ƙasa, NSIWC, a nan Abuja take, ita ke fitar da tsare-tsaren, CONPSS na ma'aikatan gwamnati na gama-gari, CONMESS na likitoci, CONHESS na sauran ma'aikatan lafiya, CONUASS na malaman jami'a. Mai asibitin kuɗi da bai san me ke cikin CONHESS ba zai yi ta mamakin inda nas-nas ɗinsa ke tafiya.

Usman: To ni abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Rahoton da aka yi bara yana da amfani bana kuwa?

Anti Rabi: A ƙasar nan, da sauri yake tsufa. Ka tuna ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta, zuwa Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi ma daga dubu 30 na 2019 ya koma dubu 70 a Yulin 2024, har aka ce duk bayan shekara uku za a riƙa dubawa maimakon biyar. To wanda ya riƙe rahoton farkon 2023 yana cewa ai ni ina biyan daidai da kasuwa, wace kasuwar? Wannan kasuwar ta riga ta watse. Dole ka duba ranar da aka tattara bayanan, ba ranar da aka buga rahoton ba, sannan ka ƙara wani abu a kai gwargwadon watannin da suka wuce.

Malam Ɗanladi: Mu da ke kan hanyar Nyanya mun ga wannan da idonmu. Malamar da ke zuwa daga Masaka, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye mata kaso mai yawa na albashi, ga mai gida yana neman hayar shekara a dunƙule.

Anti Rabi: Shi ya sa bincike mai kyau ba albashin wata kawai yake tambaya ba, yana tambayar duk abin da ke tare da shi. Mutum biyu kowa dubu 150 a takarda, amma ɗaya ana zuba masa fansho, yana da inshorar lafiya shi da iyalinsa, motar ofis na ɗaukarsa daga Kubwa, ana ba shi albashin wata na sha uku a Disamba, ɗayan kuma kuɗin nan ne kawai ba komai, ai ba ɗaya suke ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma a kan albashin asali da kuɗin gida da na mota ake lissafawa, ta kuma ce a yi wa ma'aikaci inshorar rai da ta kai ninki uku na abin da yake samu a shekara. Usman, ku matasa ku riƙa tambayar waɗannan a intabiyu, ba abin kunya ba ne.

Usman: Gaskiya mu lambar alat kawai muke kallo. Amma Anti bari in faɗi abin da ke raina, ni ina jin tsoron abin nan ya zama makami a hannun masu kamfani. Idan duk kasuwar tana biyan abin da bai isa ba, sai kowa ya ɗaga rahoto ya ce ai ni ina tsakiya, shi ke nan an rufe bakin ma'aikaci.

Anti Rabi: Tsoronka a kan hanya yake, kuma na ga an yi hakan. Rahoto yana faɗa maka abin da ake biya ne, ba ya faɗa maka ko kuɗin ya isa mutum ya ci abinci ya biya haya. Musamman a ƙananan ayyuka, maigadi, mai shara, direba, na tsakiyan kasuwa kansa yakan zama abin tausayi. Ni idan aka zo nan ajiye rahoton nake yi in ɗauko biro, kuɗin mota na kwana 22 nawa ne, abinci nawa, ɗaki ɗaya nawa, sai in kai wa masu kamfani in ce ga abin da kuke so mutum ya rayu da shi. Ba kullum nake yin nasara ba, amma ba na bari a wuce ba a gani ba.

Malam Ɗanladi: Hadisi ma ya zo cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ni kullum a kan biya da wuri nake fahimtarsa, ban taɓa makara ba ko na kwana ɗaya. Yanzu kuma ina ganin sai na sake duba shi kansa ladan. Sai dai Hajiya ba ni da kuɗin KPMG.

Anti Rabi: Ba ka buƙata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ku haɗu makarantu goma ko sha biyu masu girma kusan ɗaya a yankinku, ku samu mutum ɗaya amintacce da ba shi da makaranta, akanta misali, kowa ya cike fom iri ɗaya ya ba shi a rufe. Ayyuka shida ko bakwai sun isa, malamin firamare, na sakandare, na kimiyya, hedimasta, kashiya, direba, maigadi. Shi zai fitar muku da na ƙasa da na tsakiya da na sama ba tare da sunan kowa ba. Sharaɗi ɗaya nake roƙo, kada zaman ya koma na haɗa baki a ce kowa kada ya wuce kaza, don idan aka yi haka malamai aka zalunta.

Malam Ɗanladi: A'a, Allah ya kiyaye. Muna da taron masu makarantu ƙarshen watan nan, zan kai maganar. Ko za ki taimaka mana da fom ɗin?

Anti Rabi: Zan tsara maka shi, shafi ɗaya ne. Amma kafin taron ka turo min abin da kowane malaminka yake yi a rubuce, musamman wannan mai riƙe da jarrabawa da jadawali, da shi za mu fara.

Usman: To jama'a lokaci ya ja, masu tambaya kan yadda ake neman ƙarin albashi a wurin oga ku ci gaba da turowa, Anti Rabi ta yarda za ta dawo mako mai zuwa mu amsa su. Malam, Allah ya kai ka Mararaba lafiya kafin go-sulo ya haɗu.

Malam Ɗanladi: Amin, na gode ƙwarai. Sai an jima.