Dajin Epping: Masu Ƙafa, Masu Keke da Tsofaffin Itatuwa

Malam: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau mun nufi dajin Epping, wanda ya miƙe kimanin kilomita 19 daga gabashin Landan har ya dangana da garin Epping a yankin Essex na Ingila. Hajiya, ke da kika ratsa shi a ƙafa da kan keke, me ya sa ake kiransa tsohon daji?

Hajiya: Malam, a Ingila ba a ba daji wannan suna sai an tabbatar da cewa tun daga 1600 itatuwa ke tsaye a wurin ba a taɓa share shi ba, Epping kuwa, mai faɗin hekta 2,400 ko kusa da haka, ya girmi wannan ma'auni. Na hau jirgin ƙasa na Landan a layin Central na sauka a tasharsa ta ƙarshe, wato Epping, ranar Litinin, ranar da kasuwar garin ke ci. Tun 1253 Sarki Henry na Uku ya ba da izinin kasuwar, har yau kuma ana kasa kaya a bakin babban titi. Daga nan ban yi tafiyar rabin awa ba na shiga inuwa.

Malam: Na ga hotunan da kika ɗauko, itatuwan kuma sun ba ni mamaki, domin gindi ɗaya ne yake tashi, sai ya rabu gida bakwai ko takwas kamar yatsun hannu.

Hajiya: Aikin gatari ne. Ɗaruruwan shekaru talakawan ƙauyukan da ke kewaye suna da haƙƙin sare rassa da hunturu don itacen wuta, kuma sukan sare ne daga sama, inda bakin saniya ko barewa ba zai kai ga sabon toho ba. Haka bishiyar za ta sake tofowa, a dawo mata bayan wasu shekaru.

Malam: Wato kamar yadda makiyaya ke yi wa gawo da rani, a sauke reshe a bar uwa.

Hajiya: Kusan haka ne. To a ƙarni na 19 masu filaye suka fara killace dajin suna sayarwa, sai wani talaka na garin Loughton, Thomas Willingale, ya ƙi ajiye gatarinsa, maganar ta kai kotu. Daga baya hukumar tsohon birnin Landan ta shiga shari'ar killacewa ta yi nasara, aka yi dokar 1878 wadda ta damƙa mata riƙon dajin, Sarauniya Biktoriya kuma ta zo a 1882 ta sadaukar da shi ga jama'a. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sulhun da ya ceci dajin shi ne ya soke haƙƙin saran. An biya mutanen Loughton diyya, da ita aka gina musu zauren taro mai suna Lopping Hall, itatuwan kuwa aka bar su da rassan da suka yi ta kauri kusan shekara 150. Yanzu nauyi yakan tsaga wasunsu gida biyu, shi ya sa masu kula da dajin ke rage musu kaya sannu a hankali.

Malam: Mu koma kan hanyoyin. Mai keke yana da damar bin duk inda ya ga dama?

Hajiya: Galibin dajin a buɗe yake, kuma akwai faffaɗan hanyoyi da aka zuba wa tsakuwa, waɗanda masu ƙafa da masu keke da mahayan dawaki ke bi tare. Amma an hana keke a Loughton Camp da Ambresbury Banks, tsofaffin ganuwoyin ƙasa da suka haura shekara 2,000, domin taya tana zaizaye su. A ganina hanin ya yi daidai, har ma da na masu ƙafa zan ƙara, saboda saiwar bishiyar beech, ɗaya daga cikin manyan itatuwan dajin, ba ta nutsewa sosai, idan aka yi ta tattake ƙasar da ke kanta sai ta dunƙule, ruwa da iska su kasa shiga.

Malam: An ce ke ma kin taɓa barin hanya.

Hajiya: Na bari, na kuma sha wuya. A watan Janairu na yanke ta wata 'yar siririyar hanya don in rage nisa zuwa High Beach, wani wuri a cikin dajin, ashe ƙasar wurin yumɓu ce. Ta cika tsakanin taya da birki har keken ya ƙi juyawa, na yi ta ƙwaƙule shi da tsinke, daga ƙarshe dai ni na ɗauki keken a kafaɗa. Da na waiwaya na ga kwarin da tayata ta haƙa, kunya ta fi gajiya damuna.

Malam: Shanun da na gani a hotonki fa, ba makiyayi ba shinge?

Hajiya: Masu dogayen ƙaho ne, ana sakinsu kiwo don kada sarƙaƙiya ta cinye fili. Kowace tana da na'ura a wuya mai aiki da tauraron ɗan'adam, wadda ke yi mata ƙara idan ta kusanci iyaka, sai ta juya da kanta. Wadda ka gani kwance take a tsakiyar hanya tana tuƙa, ni na sauka daga keke na zagaye ta.