Littattafan Kuɗi da na Zaman Gida: Da Wanne Za a Fara?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, iyayenmu mata da ke can baya, ƙannena ɗalibai, barkanku da warhaka.

An ce in zo in faɗi littattafan da ya kamata matashi ya karanta a kan tattalin kuɗi, da zaman iyali, da gyaran kai. A takardar gayyata an raba abin gida uku. Ni kam ba zan raba ba, domin a gidajenmu ba su rabu ba. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu tsakanin mata da miji ya sani, in aka bi diddigin rigimar, sau tari kuɗin cefane ne, ko kuɗin makarantar yara, ko wani bashi da aka ci a ɓoye.

Bari in fara da na Turawa, tunda su ne yara ke turo muku ta tagar mota a kan titi.

Wanda zan ce a fara da shi shi ne The Richest Man in Babylon, na George Clason, wanda ya fito a 1926. Ƙarami ne, kuma labarai ne, ba lissafi ba. Akwai wani mutum a ciki mai suna Arkad, marubuci ne talaka a birnin Babila, aka koya masa ya riƙa ware ɗaya bisa goma na duk abin da ya samu, kada ya taɓa. Da ya tara na shekara guda, sai ya miƙa wa wani mai yin bulo, wai ya je ya sayo musu duwatsu masu daraja su sayar. Aka haɗa mai bulo da fasassun kwalabe, kuɗin ya tafi gaba ɗaya. Ina ruwan mai bulo da lu'ulu'u? To wannan labarin kaɗai da mutanenmu sun riƙe shi, da tsarin zuba kuɗin yaudara na MMM bai kwashe su a ƙarshen 2016 ba, da irinsa CBEX bai sake kwashe su a 2025 ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Akwai kuma babin wani mai fataucin raƙuma da bashi ya yi wa katutu, ya raba abin da yake samu: kashi 70 na gida, 20 na masu bin sa bashi, 10 na ajiya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu gaskiyar halin da yake ciki, maimakon ya riƙa sauya hanya in ya hango su. Na ga wasu suna murmushi. Allah ya rufa asiri.

Sai The Psychology of Money na Morgan Housel, na 2020. Ya kawo labarin Ronald Read, wani dattijo a Amurka da ya yi rayuwarsa yana aikin gidan mai da sharar kanti, ya rasu a 2014 ya bar dala miliyan 8, don kawai yana sayen hannun jari kaɗan-kaɗan ya ƙyale shi ya daɗe. Abin da marubucin ke nunawa shi ne dukiya ita ce abin da ba a gani, mota da sutura kuwa kuɗin da aka riga aka kashe ne. Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki, na 1997, shi ya fi su suna, amma a wurina shi ne na ƙarshe. Darasi ɗaya ne a ciki mai amfani: ka bambanta abin da ke sa maka kuɗi a aljihu da abin da ke zare su. Sauran kuwa zuga ce, da ƙarfafa wa mutum gwiwar cin bashin banki.

Yanzu ku saurare ni da kyau, don nan ne zancen yake. Duk waɗannan littattafan an rubuta su ne domin mutumin da aljihunsa nasa ne shi kaɗai, shi da matarsa da 'ya'ya biyu. Kai kuwa albashi na shiga, waya za ta fara ƙara. Inna ba lafiya, ƙanwa za ta yi aure ana neman kayan ɗaki, ga suna, ga gudummawar biki, ga ɗan yayanka da aka ajiye maka yana karatu. Babu babin wannan a littafin Kiyosaki. Wanda ya ɗauki littafin ya ce zai bi shi sak, to zai wayi gari ya yanke zumunci, kuma bai yi arzikin ba. Abin da za ka yi shi ne ka yanka wa zumunci nasa kason tun farkon wata, kamar yadda mai raƙuman nan ya yanka wa masu bashi, in ya ƙare ka ba da haƙuri.

Na biyu, kuɗinsu ba ya narkewa kamar namu. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Wato wanda ya jefa naira a asusu ya rufe shekara guda, kusan rubu'in ƙarfinta ya tafi ba tare da ɓarawo ya shigo ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ɗan fi mu sauƙi ta nan, tunda sefa a ɗaure take da yuro. Saboda haka tsohuwar da ke kwashe adashinta ta sayi tunkiya, ko ta sayi wake da kaka ta ajiye zuwa bazara, ta fi ɗan bokon da ya bar kuɗi kwance fahimtar zamanin nan. Na uku kuma, rabin dabararsu a kan kuɗin ruwa take, mu kuwa an haramta mana. Akwai mafita: bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, wasu sun biyo baya, gwamnatin tarayya kuma ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, a 2017.

Wannan ya kawo ni ga littattafan da ke zauren gidanku, ƙura ta rufe su. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, da yawanmu mun karanta tsarki da salla da azumi, muka tsaya. Ku koma wurin malam ku ce a buɗe muku babin ciniki. A nan za ku ga hukuncin riba, da sayar da abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, da haya, da haɗin jari, da yadda mai kuɗi ke ba mai sana'a jari su raba riba. A cikinta kuma akwai babin aure da ciyarwa, da babin gado. Sannan ku duba aya ta 282 a Suratul Baƙara. Ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu. Mu kuwa sai a ce haba, tsakanina da kai har sai an rubuta? Bayan shekara biyu kuma ba a ga maciji. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma yana da ɗan littafi, Tanbihus Sahib, a kan hukunce-hukuncen neman halali da falalar mutum ya ci guminsa.

A ɓangaren iyali ba zan aike ku Amurka ba. Ku nemi Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Labarin Rabi ne, mai 'ya'ya tara, da mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai hali amma mai ƙuntata wa gidansa. Ya auro wata, ya kori Rabi da yaranta, ita kuma ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Daga baya gobara ta cinye masa shago. Maza, ku ne nake so ku karanta shi, ba matan ba, su sun san labarin tun kafin a rubuta. Ku lura da abu ɗaya in kuna karantawa: abin da ya tsayar da Rabi da ƙafafunta sana'a ce. Wasan kwaikwayon Shu'aibu Maƙarfi, Jatau Na Kyallu, shi ma a kan wannan gaɓar yake, yadda attajiri ke rusa gidansa da dukiyarsa a lokaci guda. In kuma wani ya ce karatun mace baƙon abu ne, ku kai shi ga Nurul Albab, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Gyaran hali ba zan daɗe a kai ba. Atomic Habits na James Clear, na 2018, yana da kyau, maganarsa ita ce ƙaramin aiki da ake maimaitawa kullum shi ke gina mutum. Amma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga shi a Ihya'u, a babin horar da zuciya: ya ce marowacin da ke son zama mai kyauta sai ya riƙa tilasta wa kansa bayarwa har abin ya zame masa jiki. Kuma kun san hadisin Nana A'isha, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Wata 'yar'uwa ta aiko da takarda tana tambayar inda za a same su. Na addini, Kasuwar Kurmi a Kano, ko duk inda ake sayar da littattafan makarantar zaure, Risala ma akwai mai fassarar Hausa. Jatau Na Kyallu kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne ya buga shi, a tambaya a kantunan littattafan makaranta. Na Turawan kuwa, wanda ake sayarwa a kan titi sau da yawa bugun sata ne, a buɗe a duba shafukan kafin a biya, don wani sai ka kai tsakiya ka tarar an tsallake babi guda. In kuɗin ya yi yawa, mutum biyar su haɗa su sayi biyar, kowa ya riƙe ɗaya wata guda a yi musaya.

Shugaban taro, a buɗe fagen tambayoyi. A fara da iyayenmu mata.