Inji na ihu, Vespa ba ta tafiya: yau na buɗe kuloci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarancin haske, ina cikin ɗan garejin da ke ƙarƙashin benen da nake haya ne a nan Italiya, waje kuma tun asuba ake yayyafi. To ga ta nan, Vespa PX 150 ƙirar 1982. Kamfanin Piaggio ya fara ƙera Vespa a garin Pontedera a 1946, samfurin PX kuma ya fito a 1977, kun ga tawa tana cikin na farko-farko. Ina ji da ita ƙwarai, shi ya sa mako biyun nan raina bai kwanta ba.

Akwai wani tudu a hanyata ta zuwa aiki. In na hau shi da giya ta huɗu na murɗa totur, sai inji ya ɗaga murya kamar zai tashi sama, amma allurar gudu tana nan inda take. Daga baya abin ya kai ga kik. Da safe in na taka, wani lokaci ƙafata ta tafi ƙasa sululu, ba ta gamu da nauyin inji ba. A irin wannan babur ƙarfin kik ta cikin kuloci yake bi kafin ya isa karanshaf, wato sandar da fistan ke juyawa a cikin inji, saboda haka in kuloci ya daina riƙewa, a tafin ƙafarka ma za ka ji. Da na haɗa alamomin nan biyu na tabbata zamewa yake yi.

Kada a rikita wannan da wasu cututtuka biyu. In giya ce take fita da kanta, ka ji ƙas babur ya zabura, yawanci wani ƙarfe ne mai ƙafa huɗu a cikin akwatin giya ya cinye. In kuma ka matse hannun kuloci amma babur yana ta jan ka gaba, to kuloci ne ba ya saki. Nawa riƙewa ya ƙi yi.

Kafin in taɓa ko noti ɗaya na inji, waya na fara dubawa. Bari in matso da kyamara. Kun ga hannun kuloci? Ya kamata ya ɗan yi wasa, kamar milimita 2, kafin ka ji waya ta fara ja. Da na duba nawa babu wasa ko kaɗan, waya a ɗaure tamau. Ma'ana ko hannuna ba ya kai, kuloci a ɗan matse yake dare da rana. Wurin daidaitawa yana ƙarƙashin inji. Na sassauta, na kuma tabbatar waya tana komawa da kanta, don tsohuwar waya mai tsatsa kan maƙale a cikin rigarta. Na fita gwaji. An samu sauƙi sosai a giya ta biyu da ta uku, amma a kan tudun nan, da ta huɗu, ihun ya dawo.

Sai na koma kan mai, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku. Injin wannan Vespa mai bugu biyu ne, man da ke shafa fistan da fetur yake tafiya. Akwatin giya kuwa nasa man daban ne, ɗan kaɗan, wajen mililita 250, kuma a cikinsa kuloci yake wanka. Wanda aka tsara masa shi ne mai lambar kauri SAE 30. Yawancin man motocin zamani an zuba masa sinadarin ƙara santsi don a rage shan fetur. Ga mota alheri ne, ga faifan kuloci da aikinsa kamawa ne kuwa, illa ce. In ba ka samu SAE 30 ba, nemi man babur mai alamar JASO MA a jikin galan, don irin wannan kulocin aka yi shi. Wanda na sayi babur ɗin a hannunsa ya haɗa mini da ragowar galan, na je na karanta jikinsa, ashe man mota ne.

Na kwance notin ƙasa na tsiyaye shi a wannan roba. Abu na farko da na yi shi ne shinshinawa. In ka ji warin fetur, ko ka ga mai ya tsinke kamar ruwa ya kuma fi yawan da aka zuba, to sil ɗin karanshaf na ɓangaren kuloci, wato robar da ke hana yoyo, ya mutu, fetur yana ratsowa. Wannan babban aiki ne, kuma ko ka sa sabon faifai bai daɗewa. Alhamdu lillahi nawa babu warin fetur. Warin ƙuna ne, mai ya yi baƙi ƙirin, da ɗan gari-gari a ƙasan robar. Garin nan jikin faifai ne.

Daga nan ba makawa sai buɗewa. Na cire tayar baya, na saki shokazoba ta ƙasa don inji ya ɗan sauka in samu wurin sa hannu. Noti uku ne ke riƙe da murfin. Ku lura da wannan ɗan guntun tagulla da ke cikin murfi, shi ne yake tura kuloci in ka matse hannu, kuma faɗuwa ba ta yi masa wuya. Ni nakan cusa tsumma mai tsabta a ramin da ke ƙasa tun kafin in ci gaba, domin duk abin da ya faɗa akwatin giya, fito da shi wahala ce. Notin tsakiya mai haƙora ne, yana da makullinsa na musamman. Don Allah kada ku sa masa kurfi da guduma, kan karanshaf kuke duka. Bayan kuloci ya fito, ga ɗan ƙaramin ƙarfe mai siffar jinjirin wata a jikin shaf, shi ma a duba shi. In ya karye ko ya fara tsagewa, a canza.

To ga kulocin a kan tebur. Da wannan abin matsewa nake danne sifirin, in zare zoben da ya kulle komai. Kafin in warwatsa, sai da na ɗauki hoton yadda aka jera su. Faifai uku masu ɓawon itace, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, da na ƙarfe biyu a tsakaninsu, sai sifirin shida. Ku dubi wannan. Sabon faifai yana da kaushi, farce yana kama shi. Wannan kuwa ya yi sumul yana ƙyalli, ya ƙone ya taurare. Na ƙarfen kuma ga tabon shuɗi-shuɗi, shaidar zafin da suka sha. Na ɗora su a kan gilashi, ɗaya yana rawa, ya karkace. Sifirin ma da na tsayar da tsoho kusa da sabo, da ido ana ganin tsohon ya gajarta.

A ganina waya ce ta fara ɓarnar, mai ya taya ta, zafi ya ƙarasa. Shi ya sa ban yarda da canza faifai kaɗai ba. Sifirin da ya gaji ba zai danne sabon faifai yadda ya kamata ba, wata biyu ka sake cire taya. Haka kuma ba na goyon bayan masu sa sifirin mai tsananin ƙarfi a injin da ba a ƙara wa ƙarfi ba. Hannu zai gaji, waya ta riƙa tsinkewa, ba tare da ka ƙaru da komai ba.

Sababbin faya-fayan tun jiya da dare na jiƙa su a cikin man da za su zauna a ciki, don ɓawon ya sha ya ƙoshi. Busasshe in ka ɗaura shi, tashin farko zai fara ƙonewa. Na jera su bisa hoton, na mayar da zobe, na sa sabuwar washa mai kulle noti domin tsohuwar an riga an lanƙwasa ta. Guntun tagullar nan na ɗan shafa masa giris ya manne a murfi. Mai kuma ana zubawa ne babur yana tsaye daidai, har sai ya fara ɗigowa ta ramin zubawa. Na sake daidaita waya, ga wasan milimita 2 ɗin nan.

Bismillah, bari in taka. Kun ji? Ƙafata ta gamu da nauyi tun daga sama, bugu na biyu ta tashi.

Yanzu kuma gari ya waye, ƙasa ta bushe, ga mu a gindin tudun. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Na sa ta huɗu tun ina ƙasa-ƙasa da gudu, da gangan, don in ɗora mata nauyi. Na murɗe totur duka. Ku saurari injin, muryarsa ta yi ƙasa tana hawa a hankali, allura kuma tana tafiya tare da ita.