Kamshaf da Kabureta a Tsohon Babur Mai Ƙafa Huɗu

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa makanikai, abu uku zan taɓa yau, kamshaf da kabureta da salansa, kuma misalinmu Honda 400EX ce, wadda ta fito a 1999, mai silinda ɗaya, sisi 397.

Na farko kamshaf. Shi ke buɗe bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a injin. Wanda ake canzawa, irin na kamfanin Hot Cams, tozonsa ya fi na asali tudu, sai bawul ya buɗe sosai, ya kuma daɗe bai rufe ba. Ku daidaita makin tayimin, ku shafa wa tozon baƙin mai kafin a tayar, ku auna tazarar bawul injin yana sanyi. Shi ke nan.

To, injin ya samu iska. Mai fa? Nan nake so mu zauna. Na baya, kuna ji na? Iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru ba, ka bar injin da yunwa ke nan. Zai yi zafi, salansa ta riƙa harbi idan ka saki totur, in aka matsa masa fistin ya huje. Kamar ka ƙara wa lebura buhu ne ka rage masa tuwo! (dariya)

Na biyu kabureta, wadda ke haɗa iska da fetur. Ma'aikata uku gare ta. Ƙaramin jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi, shi ke riƙe silo zuwa kwatan totur. Allura ta karɓa daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu. Babban jet daga nan zuwa ƙarshen totur. Allurar nan, jama'a, allurar nan! A yankinta ake yawancin tuƙi, amma ita aka fi mantawa. Ka sauko da kilif ɗinta, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe ta, gaɓa ɗaya, ta ɗaga, mai ya ƙaru. Ka hau da shi, mai ya ragu. Gaɓa ɗaya na ce. Ka canza abu ɗaya, ka hau ka zaga, ka dawo ka cire fulogi ka duba. Fari fat, yunwa ce. Baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Kalar ƙuli-ƙuli muke nema. Wallahi takaici nake ji in na ga yaro ya canza jet biyu da allura lokaci guda, sannan ya rasa wanne ya ɓata aikin. Abu ɗaya, a gwada. Abu ɗaya.

Na uku salansa, ita ma in an buɗe ta... Na'am, Malam?

(Tambaya: babur ɗin da aka saita a Kano, in an kai shi Jos fa?)

Madalla, Allah ya yi albarka. Jos ta kai wajen mita 1,200 a tudu, iskarta ba ta kai ta Kano kauri ba, don haka mai zai yi masa yawa, ya riƙa shaƙewa. Sai ka rage babban jet lamba ɗaya, ka duba fulogi. Amma kafin ka taɓa jet, wanke soson iska tukuna, musamman da hunturu, don ƙura kaɗai tana sa fulogi ya yi baƙi. Miƙo min kaburetar can in nuna muku kilif ɗin.