Cusa suna da lissafi cikin jimla a JavaScript: wace burauza ce ke gane shi?

A ce wani dillalin shinkafa a Birnin Kebbi ya sa an gina masa shafin intanet, yana so duk wanda ya yi oda ya ga sunansa da kuɗin buhunan da ya zaɓa cikin jimla ɗaya. A da, mai rubuta JavaScript, yaren kwamfuta da ke sa shafukan intanet aiki, sai ya yanyanka jimlar gunduwa-gunduwa, ya riƙa haɗa ta da alamar tarawa, kuma da ya manta tazara guda sai kalmomi su manne da juna.

Ƙa'idar ECMAScript (wato tsarin dokokin JavaScript) da aka amince da ita a watan Yunin 2015 ta kawo sauƙi. Yanzu ana buɗe jimla da wata 'yar alama mai kama da waƙafi a karkace, wadda ke ƙarƙashin maɓallin Esc a yawancin kwamfutoci, sannan duk inda ake son suna ko lissafi ya shiga sai a sa alamar dala da baka biyu masu lanƙwasa, burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta cike gurbin da kanta.

Firefox ta fara gane wannan salo tun fitowa ta 34 a ƙarshen 2014, Chrome ta biyo baya da ta 41 a 2015, Safari 9 da Edge ma a shekarar suka karɓe shi. Internet Explorer 11 kuwa har Microsoft ta yi mata ritaya a Yunin 2022 ba ta taɓa gane shi ba.

Abin lura shi ne yadda matsalar ke aukuwa. Tsohuwar burauza ba tsallake layin take yi ta ci gaba ba. Da ta ci karo da alamar da ba ta sani ba, sai ta yi watsi da fayil ɗin gaba ɗaya, maɓallin oda ya daina aiki, alhali shafin yana nan kamar lafiya lau. A wurinmu wannan ba ƙaramin lamari ba ne, domin mai saye daga Argungu ko Yawuri yana iya shigowa da tsohuwar wayar Android 4.4, wadda burauzar da ta zo da ita ta girmi wannan salo.

Shi ya sa masu taka-tsantsan ke bi da rubutunsu ta manhajar Babel, wadda ke mayar da sabon salon zuwa tsohon kafin a ɗora shafin, sannan su nemo tsohuwar waya su danna maɓallin oda da hannunsu su gani.